Kirta Ta Tafi

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Kirta ta tafi.

Ina rubutun nan tafin hannuna duk bororo, alƙalamin ma da kyar nake riƙe shi. Wajen azahar iska ta taso daga kudu, ba hadari ba komai, sai na ji yara suna ihu a bakin ruwa. Kafin in isa ta riga ta saki gaɓarmu, ta juya kamar ƙyauren ɗaki, ta tumɓuke turken Ngurbi, ta kama hanya. Shekara tara tsibirin ciyawar nan yana ɗaure tsakanin Yaloma da Ngurbi, igiya nan igiya can, yara suna takawa ta kansa su zo makaranta. Yau sai ga ta tana tafiya abinta, da balbela uku a kai, ko a jikinsu.

Yaran Ngurbi goma sha tara suka maƙale a wajenmu. Sai da maza suka dawo daga su da la'asar aka tsallakar da su a kwalekwale, ƙananan suna kuka, manyan suna murna wai gobe ba makaranta. Ni na koya musu lissafi, ai dole su iya wannan.

Baba Cari, mai gidan da nake zaune, ba ya gari. Tun jiya ya tafi duba shanunsa. Shi ke ɗaure kirta, shi ke duba igiyoyinta.

Gwajin wasannin bikin ƙarshen shekara ya yi kyau da safe. Ba abin da zan rubuta a kai.

Jumma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Yara ashirin da biyu cikin arba'in da ɗaya suka zo.

Malam Mbodu, wanda iyaye suka ɗauka ya riƙe mini aji ɗaya da biyu, ya bar yaransa suna cin alli ya zo ya tsaya mini a ƙofa.

"Madam, ni dai na ce mutanen ruwa ne, aljanun tafki, suka kwance ta."

Na ce, "Su ne suka hana ka rubuta kwanan wata a allo?"

Bai ji ba. Mutumin nan in ya kama magana sai ya ga ƙarshenta. "To ki duba mana. Turken Ngurbi an tumɓuke shi, wannan aikin iska ne. Amma namu yana nan tsaye, tsirara. Igiya in ta tsinke ai tana barin guntu. Ina guntun?"

Na ce masa ni Madam Kellu ce shugabar makaranta, ba shugabar turaku ba, ya koma ajinsa. Ya tafi yana ta "ikon Allah, ko guntu". Wallahi wani lokaci na fi son ranakun da yake makara.

Asabar, 10 ga Mayu, da la'asar

Baba ya dawo. Bai shigo gida ba sai da ya je wajen turken. Daga tagar aji na hango shi ya tsuguna, ya shafa itacen da hannu, ya daɗe. Sannan ya taho da ƙwaryar madara kamar kullum.

"'Yata, me ya sami hannunki?"

"Tsintsiya ce, Baba."

Ya dubi hannun, ya dube ni. "Tsintsiyar bana ta yi kaifi."

Ya ajiye madarar ya wuce. Ban sha ba, ta kwana ta yi tsami.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

An yi taro a gindin aduwa. Bulama Kime, mai gari, ya ce kirta amanar gidan Cari ce, tun daga ranar da aka jawo ta. Ya ce ga shi ta tafi, mai amana kuma ba ya nan. Ya tambayi Baba ko yana da magana.

Baba ya ce, "Na ji."

Shi ke nan fa. Na ji. Aka karɓe ɗaurin daga hannunsa, ko an samo ta ba shi zai sake taɓa ta ba. Da aka tashi salla ya koma sahun baya da kansa, shi da yake tsayawa bayan liman tun kafin in zo garin nan.

Abin ya ƙona mini rai. Wace irin shari'a ce wannan, ba bincike, ba shaida? Tsoho mai shekara saba'in, wanda ƙullinsa ko saniya ta ja sai dai ta gaji? Ba wanda ya ce a tsaya a duba.

Ni ma ina wurin, a tabarmar mata.

Talata, 13 ga Mayu, tsakar rana

Ashirin da biyu. Saniyar liman ta cinye zanar aji uku, yanzu daga allo ina ganin tafki.

Laraba, 14 ga Mayu, da azahar

Dorina ta haihu a mashigin, daidai inda kirta take da. Ita ma lokacin da ta zaɓa ke nan. Matan Ngurbi sun aiko cewa ba ɗan da zai hau kwalekwale ta gaban dorina mai jego, kuma ban ga laifinsu ba. Jirgin inji ɗaya ne a garin, shi kuma kifi yake kaiwa.

Ga wata kuma. Wannan makon na matan Ngurbi ne su dafa wa yara abincin rana. Na je na roƙi na Yaloma su karɓa. Shugabarsu tana gyaran kifi ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ba makonmu ba ne, Madam. Ke kika rubuta jerin, ke kika manna a ƙofa."

Haka ne, ni na rubuta. Saboda haka na bar 'yan aji biyar suna karanta tebur na bakwai da ƙarfi, na tsaya kan tukunya da hannu mai ciwo. Shinkafar ta kama a ƙasa, ta sama kuma ba ta dahu ba. Yara sun cinye tas ba wanda ya ce uffan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

An ɗaga biki. Buhunan tsere suna nan a jibge bayan allo.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe kafin tuta

Ya Fanna, matar Baba, ta zo share mini ɗaki ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Kellu, tun yaushe ake kulle ɗaki a gidan nan?"

Na ce takardun jarrabawa ne a ciki.

"Takardun ne suke warin taɓo haka?"

Na ce ɓera ne ya mutu. Ta ce to Allah ya ji ƙan ɓera, ta ɗauki tsintsiyarta.

Abin da ke ƙarƙashin gadon ya ƙi bushewa. Mako guda ke nan.

Jumma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Ni na jawo wa kaina. Don in samu in huta na ba 'yan manyan aji insha'i: abin da ya fi yi mini daɗi a wannan wata. Na ɗauka za su rubuta kamun kifi, ko haihuwar dorina.

Takarda goma sha ɗaya, tara a kan jan igiya.

Kolo, yarinyar da ba ta taɓa cika rabin shafi ba, yau shafi biyu ta yi. Wai ɓangarensu ne ya ci sau uku. Wai Madam ta shiga ɓangaren su Mallumi ta ja har ta faɗi zaune. Wai igiyar tana da nauyi kuma a jiƙe take. Da ta kawo takardar ta ce, "Madam, yaushe za mu sake? Igiyar nan ta Bol tana nan?"

Ta Bol, garin da ofishin ilimi yake, na ce musu a ranar. Na ce ta koma ta zauna, kuma ta daina jan majina a kan littafi.

Ban mayar wa kowa takardarsa ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

An ga kirta. Tafiyar rabin yini, ta maƙale a bakin wani tsibiri, mutanen wurin har sun ɗora mata awaki. Suka ce abin da ruwa ya kawo wa mutum nasa ne. Sai da Bulama ya aika da goro da magana mai daɗi suka sauke awakin.

Samari suka tafi da jirgin inji, da waƙa da komai. Suka ɗaura igiya a gefenta suka taka wuta. Abin da suka dawo da shi bai fi tabarma biyu ba, sun yago shi daga jiki. Malam Mbodu ya ce a fara da wannan, a riƙa tsallakar da yara biyu-biyu.

Kowa a garin nan ya san mutum ɗaya ne ya san inda ake kama kirta ta biyo ka ba ta yage ba. Yana zaune a gida yana gyaran ragar da ba ta yage ba. Ba su tambaye shi ba, shi ma bai ce ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, tsakar rana

Awa ɗaya ce fa. In mutum ya ari abu na awa ɗaya, rana tsaka, ruwa kwance, ba ko ganye mai motsi, kuma ɗaya igiyar ta fi kauri, kuma mai abin ba ya nan balle a tambaye shi, kuma sau uku ana rubuta wa Bol a aiko da kayan wasa ba amsa, to wannan ai ba

Zafi ya yi yawa yau. Bari in je in wanke kayana.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan magariba

Na sa an kewaya da ni ta bayan ciyayi na je Ngurbi, saboda uku daga cikin biyar masu jarrabawar Bol can suke. Tafiyar da yara ke yi kafin a gama taken ƙasa, yau awa ɗaya da rabi. Na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu muka yi lissafin rabawa. Sun manta rabawa. Kwana goma sha ɗaya kacal, sun manta kamar ba a taɓa yi ba.

Kakar ɗaya daga cikinsu ta kawo mini kunu ta zauna kusa da ni.

"Madam, kin ga abin da tsohon gidanku ya yi mana?"

Na ce iska ce, Kaka.

"Iska kullum tana nan. Hannu dai." Ta zuba mini ido har na gama kunun. Ni dai na ce kunun ya yi daɗi.

Talata, 20 ga Mayu

Ashirin da ɗaya. Ɗaya ya bi shanu.

Laraba, 21 ga Mayu, da la'asar

Ya Fanna ta faɗa mini muna tuƙa tuwo, ba ta ko ɗaga kai ba. Baba zai bi jirgin Laraba mai zuwa ya koma Bol wajen ɗansu. Ba ziyara ba.

Na ce haba, Ya Fanna, saboda ciyawa?

"Ciyawa a wajenki. Jiya ya je ɗaure kwalekwalensa, wani yaro da aka yi wa kaciya bara ya ce, Baba kawo in ɗaure maka kada ya tafi. Suka yi dariya. Ya dawo bai ci abinci ba." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Mutumin da ya je Bol sau huɗu a rayuwarsa, kowane zuwa sai ya dawo da ciwon kai. Can zai je ya zauna a ƙofar shago yana kallon babura."

Na ce sai a yi masa magana.

"To a yi mana," in ji ta. "Mai maganar muke jira."

Na ce tuwon ya yi tauri, na ƙara ruwa, ya lalace.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Wani ya fasa tulun ruwan aji. Na tsaya gaban allo kamar yadda na saba, na ce wanda ya yi ya tashi da kansa, ba duka, ba zagi, amma kada ya bari wani ya ɗauki laifinsa. Shekara shida ina faɗin wannan, har sun haddace.

Yau ba wanda ya tashi, ba kuma wanda ya sunkuyar da kai. Dukansu ni suke kallo. Kolo har da tallafe haɓa.

Na ce a buɗe shafi na talatin.

Jumma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Na je na zauna wajen Baba yana dafa shayi. Ya ba ni na farko, ya ba ni na biyu. Ya raba ragarsa jiya, mashinsa na sukar kifi ya ba wa ƙanen Ya Fanna.

"Akwai magana, 'yata?"

Wallahi ta zo har nan, bakin haƙora. Sai na ga Bulama yana aika takarda Bol. Na ga sufeto yana karantawa. Na ga kaina a kan jirgi da akwati ina komawa garinmu Mao, yara a gaɓa. Kafin in zo, shekara huɗu makarantar nan awaki ke kwana a ciki. In na tafi wa zai zo? Haka na ce wa kaina, kuma gaskiya ne. Sai dai ba shi ne dalilin ba. Kunya nake ji, kunya kawai, ta a ce Madam ce.

Na ce, "Babu, Baba. Sukari dai ya yi yawa."

Ya ce, "To," ya zuba na uku.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Baba ya ɗaure kayansa. Ƙunshi biyu ne duka.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan magariba

Na ɗauko igiyar. Na jawo ta daga ƙarƙashin gado, ta yi fumfuna, na naɗe na ɗora a ka. Ban san haka take da nauyi ba, ranar nan yara ne suka taya ni. Na bi ta tsakiyar gari da ita da la'asar, ruwan wari yana bin wuyana, mata suna daka suka tsaya. Ba wadda ta tambaye ni ina zuwa.

Maza suna gindin aduwa. Baba yana can gefe. Na sauke ta gaban Bulama na faɗi komai a tsaye: ni na kwance, don wasan yara, ban tambayi kowa ba, na ɓoye, na bari aka ɗora wa wanda ba ya ma gari. Na gama na jira ihu.

Bulama Kime ya taɓa igiyar da sandarsa. Ya ce, "Zauna, Madam. Mun sani."

Na ce kun sani?

"Yaran da aka haifa a kan ruwa kika ba igiyar Cari, kika ce ta Bol ce. Ƙullinsa uku ne a jiki. Kafin magariba ranar nan ba gidan da ba a faɗa ba, nan da Ngurbi."

Malam Mbodu yana wurin, ya kawar da kai. Mutanen ruwa, wai. Ashe duk tsayuwar da yake mini a ƙofa hanya yake ba ni.

Na ce to don Allah me ya sa kuka kama tsoho?

"Ke baƙuwa ce. Ba a kiran sunan baƙo a gindin itacen nan. Laifinsa yana wuyan mai masaukinsa har ranar da zai zo ya ɗauka da bakinsa. Kin sani ai."

Na sani. Bara ma na sa yara sun rubuta shi a darasin al'adun gari, na ba wa wanda ya fi tsara shi sabon fensir. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ni ce baƙuwar ba. Shekara shida, na ɗauka na zama 'yar gida.

Bulama ya ce ba takardar da za ta je Bol, wa zai koyar da yaran? Ya ce ɗaurin ya koma hannun Cari, gobe samari su bi shi su yi abin da ya ce. Hukuncina, in tsaya gaban yara ranar biki in faɗi abin da na faɗa yanzu. Sannan ya ƙirga a yatsunsa ya ce, "Kwana goma sha takwas."

Sai a lokacin Baba ya yi magana. Ba ni ya kalla ba, igiyar ya kalla.

"Ni uku na ce musu. Da Bulama ya ce abin zai yi mini nauyi, na ce 'yata ba za ta wuce kwana uku ba."

Ya tashi ya saɓa igiyar a kafaɗa, ya nufi bakin ruwa ya wanke ta.

Talata, 27 ga Mayu, da azahar

Baba da samari sun tafi tun asuba, kwalekwale shida, ba inji. Ya Fanna ta kwance ƙunshi ɗaya. Ɗayan ta ce ba ita ta ɗaure ba.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Jirgin Bol ya tashi, Baba bai shiga ba. Kirta tana mashigi tun jiya da yamma, ta ragu kaɗan, dorina ta matsa gaba. Yaran Ngurbi sun tako da safe suna tsalle a kai duk da na hana. Arba'in cif, ban da mai bin shanu.

Kafin a ɗaga tuta na gangara wajen turke. Yana tsugune yana ƙara ƙulli. Na durƙusa na gaishe shi, ina kwana Baba, ya gajiya.

Ya ja igiyar ya gwada ta, sannan ya amsa.

"Lafiya lau, Madam."